Tayar Beljiyam ko sabuwa? Amsa ga mai bin hanyar Daura zuwa Katsina

Wani malamin makaranta daga Daura ya aiko da wannan tambaya: "Ina da Corolla, kusan kowane mako sai na shiga Katsina na dawo, wani lokaci da iyali. Tayoyina na gaba sun cinye. Kuɗin sabuwa ɗaya zai saya mini 'yan Beljiyam biyu, kuma na ga wasu zanensu raɗau kamar ba a taɓa hawa ba. Wanne ya fi mini?"

Malam, Allah ya ƙara basira, ya tsare hanya. Tun ina yaro nake cikin harkar taya a nan Katsina. Na fara da riƙe wa maigidana tub a cikin bahon ruwa muna neman inda kumfa ke fita, na zo na yi shekaru ina sayar da na hannu, yanzu sababbi ne a shagona tare da injin balansin. Na gaya maka haka ne don ka san da wa kake magana, ka auna abin da zan faɗa da hankalinka.

Motar da ke cin kilomita kusan 80 daga Daura zuwa Katsina, ta Shargalle da Mashi, da gudun babbar hanya, ga mata da yara a baya, sabuwar taya ya kamata a sa mata. In aljihu bai kai huɗu ba, a sayi biyu.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ya kawo maganar. Abin da kake ci a jikin taya shi ne zurfin zanenta. Sabuwar tayar ƙaramar mota tana zuwa da zane mai zurfin milimita 8 ko kusa da haka. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta hana hawa taya idan zanenta ya gaza milimita 1.6, kuma masu ƙera ta suna sa wasu 'yan tudu a cikin kwarin zanen daidai wannan tsayi, don ranar da zane ya zo daidai da su kowa ya san ta gama aiki. Ke nan abin da za ka mora a sabuwa milimita 6.4 ne. To a ce ka samu ta Beljiyam mai milimita 4, wadda a ido za ka rantse lafiyarta ƙalau. Abin da ya rage maka 2.4 ne kawai, kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗoriya. Ka biya rabin kuɗi, an ba ka sulusin rai. Ka haɗa da kuɗin cirewa da sawa da balansin da za ka biya sau biyu ko uku kafin mai sabuwa ya sake komawa wurin mai faci, sai ka ga arahar ta gudu. Na sha yi wa direbobi wannan lissafin a ƙasa da tsinke, kuma da wuya wanda ya tsaya ya bi shi ya musa.

Da asarar kuɗi ce kaɗai da ban tsawaita ba, kowa da yadda yake lallaɓa aljihunsa. Abin da ke hana ni barci shi ne abin da ido ba ya gani.

Taya hawa-hawa aka gina ta. Akwai shimfiɗar zare, akwai ɗamarar waya a ƙarƙashin zanen, akwai wata siririyar roba a ciki da ke riƙe iska, akwai kuma ƙaƙƙarfan zoben waya a baki wanda ke kama wili. Roba ce ta manne su gaba ɗaya. In kana gudun kilomita 100 a awa, tayar Corolla tana juyawa kusan sau 14 a kowace daƙiƙa, kuma duk juyi ɗaya sai gefenta ya lanƙwashe ya miƙe. Daga Daura zuwa Katsina ta yi haka kusan sau 40,000. Lanƙwasar nan zafi take haifarwa, ka ƙara da kwaltar watan Afrilu lokacin da zafin gari kansa ya haura 40 a ma'auni. Idan mannin da ke tsakanin waya da roba ya taɓa samun rauni, a irin wannan rana yake sakewa. Sai ka ji fat-fat-fat, bayan tayar ya ɓare kamar ɓawon rake, ko ta fashe gaba ɗaya. Duk wanda ke bin hanyar Kano ya saba ganin irin waɗannan ɓawon a yashe a gefen titi.

Kada ka ɗauka wannan labarin bakin tasha ne. A watan Agustan 2000 kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka, yawancinsu a kan mota Ford Explorer, saboda bayansu na ɓarewa ana cikin gudu, kuma abin ya fi yawa a jihohi masu zafi irin su Texas da Florida. Waɗannan fa tayoyi ne da aka saya sababbi, aka san daga inda suka fito. To ina ga wadda ba ka san hannu nawa ta bi ba?

Wata rana wani direban Golf ya kawo mini taya ya ce in sa masa, yanzu ya saye ta, har yana yaba sa'arsa. Zane cike, gefe na sheƙi. Kafin in ɗora ta a wili na zura hannu ciki na shafa, sai na fito da baƙin gari cike da tafina kamar an daka gawayi. Na haska tocila, sai ga robar ciki ta tattare, ta yi wani zobe zagaye da gefen. Wannan alamar an yi tafiya da ita ba iska ne, gefen ya niƙa kansa tsakanin wili da kwalta, zaren ciki ya ƙone. Daga waje ba abin da za ka gani. Da a kan wili aka sayar masa da ita an hura mata iska, har ni ba zan gane ba. Na ce ya mayar, ya yi ta jin zafin kuɗinsa, amma ya mayar. Tun daga ranar ban ƙara yarda a sayi tsohuwar taya ba tare da an ga cikinta ba.

Sai shekaru. Roba na tsufa ko ana hawa ko ba a hawa. Iska da rana da zafi suna busar da ita, ta ƙandare, ta fara tsattsagewa kamar kaushin dunduniya a lokacin hunturu. Kowace taya tana ɗauke da ranar haihuwarta. Ka nemi inda aka rubuta DOT a gefenta, ka bi layin har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu, galibi a cikin wani ɗan zagaye mai siffar ƙwai. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci lambar a gefe ɗaya kaɗai take, sai ka juya tayar. In lambobi uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, ba ta da sauran amfani sai ɗaurin guga ko takalmi. In kuma ka ga wurin an kankare shi, ko ya fi sauran jikin laushi da sheƙi kamar an ɗora ƙarfe mai zafi, ajiye ta ka wuce, wanda ya taɓa wurin yana da abin da yake ɓoyewa.

Shekara nawa ne iyaka? Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana gaya wa direbobi shekara huɗu daga ranar da aka ƙera. Kamfanin Ford na cewa a canza bayan shekara shida. Michelin kuwa cewa ya yi daga shekara biyar a riƙa kai ta gwani ya duba duk shekara, in ta kai goma a cire ta ko da zanenta bai taɓu ba. Ni a ganina, a ƙasar da mota ke kwana ta wuni a rana kamar tamu, gara mutum ya karkata wajen ƙaramin adadi. Taya da ka saya sabuwa ka san yadda ka riƙe ta, kana iya kai ta biyar kana dubawa. Wadda za ka saya a hannu kuwa, in ta wuce shekara huɗu ba ni da abin cewa a kanta sai a bar ta.

Akwai wata kuma da ke yaudarar mutane ƙwarai, kuma ina zargin irinta ka gani da ka ce zane raɗau. Tayar sanyi ce, wadda Turawa ke sawa lokacin ƙanƙara. Za ka gane ta da hoton tsauni mai kai uku da furen ƙanƙara a cikinsa, zanenta kuma cike da 'yan siraran tsagogi masu zigizaga. An haɗa robarta da laushi don ta kama ƙasa idan sanyi ya sauko ƙasa da 7 a ma'auni. Su can suna cire ta tun zanen da saura, domin a kan ƙanƙara ba ta da amfani in ta yi ƙasa da milimita 4. Ta iso nan tana kyau, mai saye ya yi ta kallon kitse a rogo. A kan kwaltarmu narkewa take kamar man shanu, ta cinye da wuri, birki ya ƙara tsawo, motar ta riƙa lilo a kwana. In M+S kawai aka rubuta ba tare da hoton tsaunin ba, wannan ba lallai ta sanyi ce zalla ba, tayoyin Amurka da yawa na ɗauke da shi.

Ka kuma sani cewa tsohuwar tayar ƙaramar mota tana cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su Najeriya a littafin Kwastan. Abin da aka keɓe shi ne manyan tayoyin tirela da za a sake yi wa baya. Ma'ana wadda ke gabanka ba ta ƙofar gida ta shigo ba, ba wanda ya tantance ta. Don a rage wuri, cusa su ake cikin juna, uku, huɗu, har biyar, a murɗe ta ciki a danna da ƙarfi. Zoben wayar baki yana karyewa ko ya lanƙwashe a nan, daga baya ka rasa dalilin da taya ke shan iska kullum ba ƙusa. Sannan akwai masu sassaƙa. Taya ta yi sanƙo, a sa wuƙa mai zafi a sake yanka mata zane, a goge ta da baƙin mai. Na taɓa buɗa kwarin irin wannan zanen da farce na hango waya na ƙyalli a ƙasa. Zanen kamfani bakinsa sumul yake, ga 'yan tudun nan a ciki. Na sassaƙa zurfinsa ba ya daidaita, layinsa na karkacewa, tudun kuma babu su, wuƙa ta share. Tayar da aka yarda a sake yanka wa zane ta manyan motoci ce mai rubutun REGROOVABLE a jiki, ita an bar mata kaurin roba don haka.

Ban ce duk ta hannu guba ce ba, zalunci ne in faɗi haka, kuma akwai masu sana'ar na kirki da za su gaya maka gaskiya in ka tambaya. Akwai tayar da aka cire daga motar da ta yi haɗari ko injinta ya mutu, shekararta biyu, zanenta milimita 6. Akwai ta maƙwabcinka da ya canza wili ya sayar da nasa, ka san shi, ka san motarsa. Irin waɗannan, ga wanda zirga-zirgarsa daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Ƙwaya ce da gudun cikin gari, ko wanda ke neman safaya, ba laifi. In dole ta sa ka saya, to ka je da rana, ba da magariba ba. A ba ka ita ba wili. Karanta shekara. Tsoma tsinken ashana a kwarin zanen wuri uku, gefen ciki da tsakiya da gefen waje, ka ga ko cin ya daidaita. Shafa ciki da tafin hannu, ka ƙirga faci. Faci ɗaya a tsakiyar baya, na hujin da bai wuce milimita 6 ba, ana zama da shi. Faci a gefe ko a kafaɗa kuwa ba a yi, domin nan ne wurin lanƙwasa, komai gwanintar mai facin. Danna gefen da gwiwa ka ga ko tsaga za ta buɗe baki. Bayan an sa ta an hura, ka sake shafa gefen, in ka ji ƙullutu ko da kamar ƙwan zabo ne, zare ya tsinke a wurin, a cire ta nan take. Ka yi sharaɗin mayarwa da mai kayan tun kafin ka miƙa kuɗi.

Sabuwar ma ba a rufe ido a saya. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙerawa a Ikeja a 2008, tun daga nan kusan duk tayar motar da muke hawa daga waje take zuwa, mai kyau da maras kyau. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta sha kama sababbin tayoyi da aka cusa cikin juna a kwantena, ka ga ke nan leda da takarda ba su ne shaida ba. Duba shekara kamar yadda za ka duba a tsohuwa, don akwai wadda ta shekara uku a sito tana jiran mai tsautsayi. Ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, ko ɗaya da rabi. Kalli bakinta, ya zama zagaye sumul ba lotsawa. Ba sai ka sayi mafi tsada ba. Akwai masu matsakaicin kuɗi daga ƙasashen Asiya da na ga sun yi wa mutane aiki sosai, kuma sabuwa mai matsakaicin suna ta fi mini tsohuwa mai babban suna. Ka karɓi rasit mai sunan shago.

Rubutun gefen ma ka koyi karanta shi, ba wuya. A ce taka 195/65 R15 91H ce, irin wadda Corolla da yawa ke sawa. 195 faɗinta ne a milimita, 65 tsayin gefe ne a kan kashi ɗari na faɗin, 15 girman wili ne a inci. 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, H kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta. Wannan ya fi shafar masu bas. Tayar Hiace tana da harafin C bayan girman, an ƙara mata ƙarfi don lodi. Raina na ɓaci in na ga bas cike da mutane da buhuna a kan tayar ƙaramar mota don kawai ta shiga wilin. Akwai kuma inda aka rubuta TEMPERATURE da harafi a gabansa, A ko B ko C. A ta fi jure zafi, ita za ka nema in akwai.

Yanzu ga abin da na san za ka yi gardama da ni a kai, domin kusan kowa na yi. In biyu ka saya, a baya za a sa su, a dawo da na bayan gaba, muddin na bayan suna da sauran lafiya. Mutane na cewa ai gaba ne injin yake, gaba ne sitiyari. Haka ne, amma in gaba ya zame kana ji a hannunka, ka ɗaga ƙafa daga totur motar ta dawo hanya. In baya ya zame, musamman a ruwan Agusta a kan kwana, motar juyawa take gaba ɗaya, kuma ba kowane direba ke iya tare ta ba. Manyan kamfanonin taya kansu haka suke ba da shawara. Kada kuma ka haɗa iri biyu daban a layi ɗaya, hagu da dama su zama tagwaye.

Da ka ce na gaba ne suka cinye, ka duba yadda suka cinye kafin ka jefar. In gefe ɗaya ne ya cinye ɗayan na nan, alayimen ɗinka ya tafi, ko wani abu ya saki a ƙafar motar. In kafaɗu biyu ne suka cinye tsakiya na nan, iska ke yi mata kaɗan. In tsakiya ne, iska ta yi yawa. In ka ji tudu da kwari kana shafawa, shokozoba ne. Ba a gyara wannan ba, tayar da ka dawo da ita gaba ma wata kaɗan za ta bi sahu.

Iska kuwa ita ce rabin ran taya. A jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai 'yar takarda da kamfanin motar ya manna, ita za ka bi, ƙananan motoci galibi tsakanin 30 da 35 ne a gejin auna iska. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da za a sa mata ba. Yaran masu faci da yawa 45 ko 50 suke bugawa, wani ma da ƙarfe yake ƙwanƙwasawa ya ce ta yi. Sayi ɗan gejinka ka ajiye a mota, ka auna da safe kafin ka tashi, ko sau biyu a wata, har da safaya. Sannan ina roƙonka da duk direban da zai karanta wannan, ku daina rage iska da bazara wai don kada taya ta fashe. Taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwashewa, ta fi ɗaukar zafi, ita ce ke fashewa. In ka tsaya a Mashi ka auna ka ga ta ƙaru da uku ko huɗu, haka ya kamata, kada ka sace ko kaɗan, da ta huce za ta koma.

In Allah ya ƙaddara ta fashe kana tafe, riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka taka birki da ƙarfi, sassauta totur a hankali ka bar motar ta rage gudu da kanta, sannan ka gangara gefe.

Abin da zan yi da ni ne kai, Malam: gobe da safe in durƙusa in karanta shekarar tayoyin nan huɗu da safaya, in rubuta a takarda. In na bayan ba su wuce shekara huɗu ba, ba tsaga ba ƙullutu, in sayi sababbi biyu a sa a baya da sabon bawul, a yi balansin, a dawo da waɗancan gaba, a yi alayimen a ranar. Cikin biyun da aka cire, wadda ta fi dama-dama ta zauna a but in ta fi safayar da ke ciki. In kuwa na bayan ma sun tsufa, to huɗun za a canza, ko da za a jira albashi biyu, kuma kafin nan iyali su hau motar haya mai lafiyayyun tayoyi, kai kuma ka taƙaita da cikin Daura.